Barkono a Hanyar Zalɓe

Ranar da Zalɓe ya bi ta kan barkonon Gwaggo da kekensa, har manoman da ke can bayan kwalbati sai da suka dafa fartanya suka tsaya sauraro.

"Kai Zalɓe! Ja birki nan, kada ka kuskura ka wuce! Uwarka ce ta shanya maka barkonon nan da za ka mayar da shi titi?"

Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, doguwar nan da ta jawo masa sunan, ya juyo yana murmushi. A bayansa masu keke ne jere, 'yan birni, da hulunan kwano da wandunan nan da suka ɗame su kamar a ciki aka haife su.

"To Yaya, ai uwar tawa ke ce," in ji shi.

"Allah ya sawwaƙe mini! Da ni na haife ka, da ka fi haka hankali. Dubi ɓarnar da ka yi!"

"Iska ce ta kwaso shi ta kawo tsakiyar hanya."

"Iska? Iskar ce ta kwaso buhun har da duwatsun da na danne shi da su? Gemu fari fat, kana ƙarya a gaban baƙi!"

Baƙin suka kwashe da dariya, su a ganinsu wannan ma yana cikin abin da suka zo kallo. Zalɓe ya taka feda, suka bi shi. A ƙasar nan kuwa mutum ba ya ɓacewa da wuri, don shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba kwari, sai gonaki da sararin sama. Saboda haka Gwaggo ta samu lokaci ta zage su ɗaya bayan ɗaya, tun suna mutane har suka koma kamar ƙudaje a bakin sama.

Sai da ta durƙusa tana tsince abin da taya ta murƙushe sannan bakinta ya mutu. Tun kafin a zuba kwalta take shanya a gefen hanyar nan, kuma Zalɓe bai taɓa taka mata ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ya saba shi ne ya zo gab da bakin buhu, ya goge shi da iskar taya, ya kaɗa mata ƙararrawa don ta zage shi ya ji daɗi. Yau bai kaɗa ba. Sawun tayar kuma ya ratsa ta tsakiyar jan barkonon a miƙe sak, babu ko alamar ya yi yunƙurin kaucewa.

Zalɓe ƙanen mijinta ne. Tana sabuwar shiga gidan ta tarar da shi, maraya, ƙafafu duk faso, wuya kamar na tulu. Ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya, ita kuma ta raɗa masa Zalɓe, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Noma bai karɓe shi ba. In an tura shi gona, sai a same shi a bakin hanya ya saki baki yana kallon duk abin da ke da taya. Kekensa na farko shi ya haɗa abinsa: gangar jikin daga bola, sarƙa daga wajen wani mai niƙa, sirdi kuwa tsumma ne ya naɗe da roba. Birki babu, da tafin ƙafa yake tsayawa. A ranar da ya fara hawa ya shiga da shi cikin randar Gwaggo, kuma har yau ba ta yafe randar ba.

Da ya girma sai ya kafa rumfar faci a bakin hanya, daura da inda take shanya. Kwano ɗaya na ruwa don neman huji, famfo mai tsayi, gwangwanin sholisho na liƙe faci, sifanu a jere a kan buhu, tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa. Ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya mace, ta yi karatu ta tafi birni aiki. Amma ba a rumfa rayuwarsa take ba. Duk sa'adda ya samu sarari, sai ya hau ya nausa cikin gonaki, ya bi wannan 'yar hanya ya ga inda ta fita, ya bi waccan. Ta haka ya san duk tsofaffin abubuwan da ƙasar ta ɓoye: hasumiyar dutse da ba wanda ya san wanda ya gina ta, kangon tsohon gari da itatuwa suka tsiro a ɗakunansa, rijiya mai matakala da ake sauka har gindinta, da gadar jirgin ƙasa da jirgin ya daina bi tun Gwaggo tana da haƙoranta duka.

"Me kake nema a kango?" takan tambaye shi. "Wani ya bar maka gado a can?"

"Yaya, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Mutane suna gudun kufai, kai kana kai masa gaisuwa."

'Yan birnin sun fara zuwa ne da ɗaiɗai. Suna son hanyar saboda ba hawa ba gangara, mutum ya yi ta murza feda har ya gaji don kansa. Amma ƙasar da ba tudu ba dutse tana da mugunta: kowace mararraba kamar 'yar'uwarta take. Sai su yi ta zagaye gonar mutum ɗaya har rana ta take, su ɓullo rumfar Zalɓe da harshe a waje suna tambayar hasumiya. Tun yana yi musu kwatance da hannu, har ya gaji ya ce su biyo shi. Shi ke nan ya zama jagora. Duk ƙarshen mako motoci su zo da kekuna ɗaure a kai, a sauke a gaban rumfarsa, shi a gaba da tsohon baƙin kekensa mai kariya, su a baya da nasu marasa nauyi da yatsa ɗaya ke ɗagawa.

Saboda masu zuwa ranar da ba ya nan, sai ya sayi farin fenti da buroshi, ya bi mararraba yana zana kibiya a kan kwalta. Ƙanana ne, tsawon tafin hannu, tsaf-tsaf. Ta hasumiya da ɗigo a gindinta, ta rijiya da zobe. Yana ji da kibiyoyin nan fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu.

To bayan ranar barkono Gwaggo ta rage magana ta ƙara kallo, abin da ya sa maƙwabta suka riƙa tambaya ko ba ta da lafiya. Ta lura kwanon ruwan faci ya zama wurin shan kaji. Zalɓe ya daina tsoma tif ɗin taya a ruwa yana duban kumfa, sai dai ya hura shi ya riƙa zagaya shi a gaban leɓensa har ya ji inda iska ke fita. Ta lura in ƙaramin noti ya faɗi, ba ya sunkuyawa ya duba, shafa ƙasa yake da tafin hannu. In an yi masa sallama daga nesa, ba ya kiran suna sai an ƙara magana. Sannan ga kibiyoyin. Wadda ke gaban gidanta bara kamu ɗaya ce. Bana da ya sabunta ta, sai da ta kai tsawon mutum a kwance, faɗinta kamar ƙyauren ɗaki. 'Yan birni suna ta yaba masa, wai ya kyauta wa baƙi, yanzu ko daga nesa ana gani.

Ta same shi a rumfa da rana tsaka, ba kowa. Ta zauna a kan bencin ba tare da an ce ta zauna ba.

"Zalɓe, wa kake yi wa manyan kibiyoyin nan?"

"Baƙi mana."

"Baƙin da ke karanta rubutun cikin waya ƙanana kamar ƙwan ƙwarƙwata? Ni za ka yi wa wayo, ni da na wanke maka kashi? Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Ga abin nan fari-fari kwance a cikin baƙin idonsa, duka biyun, kamar an ɗiga madara a shayi.

"Yanar ido ce," in ji ta. "Tun yaushe?"

"Hasken rana ne kawai ke damuna da safe."

"Cirewa ake yi. Matar mai niƙa an cire mata, ga ta can tana zare ƙaya da allura."

"Yaya ma da ƙafarsa ya shiga asibiti," in ji shi, yana murza tif a hannu. "A kwance aka fito da shi."

Wan nasa yake nufi, mijinta. Nan ran Gwaggo ya ɓaci na gaske, ba irin ɓacin barkono ba.

"Kada ka sake ka ɓuya a bayan kabarin mijina! Shi ciwonsa a ciki yake, ya ci shi ya gama kafin a kai shi. Kai tsoronka daban. Tsoro kake ka kwanta wata guda, ka dawo ka tarar wani ya shige gaba, an saba da bayansa."

Ya ce, "Hanyar nan a ƙafata take, ba a idona ba."

"Tirela ma a ƙafarka take?"

Abin da ke hana ta sukuni ke nan. Hanyar hasumiya sai ta tsallaka babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ko rage gudu. A nan jagora ke duba dama da hagu, ya ɗaga hannu, duk na baya su biyo shi ba tare da sun duba ba.

Ta je wajen matarsa. Ta same ta tana tankaɗe a tsakar gida.

"Kin san mijinki ba ya gani?"

Matar ba ta ɗago ba. "Yaya, ni ce ke jera masa takalmi a bakin ƙofa, ya za a yi ban sani ba? Ya ce in na gaya wa 'yarmu, bai yafe ba."

"Au, gara ki yi takaba da yafiyarsa, ko?"

"Addu'a nake yi."

"Yi ta yi. Amma Allah da ya ba ki baki, ba don cin tuwo kaɗai ya ba ki ba." Ta fita ta bar ta tana share ido da gefen zani.

Ta tare shugaban masu keken ma, wani mai gilashi da tumbi, wanda kekensa ya fi shi kyan gani. Ta ja shi gefe ta gaya masa a hankali, yadda ba ta saba ba.

Ya yi dariya har da dafa ta. "Haba Gwaggo! Baba jagora? Ai idonsa ya fi nawa. Ko rami ɗaya bai taɓa jefa mu ba."

"Ramukan sun girme ka, ya san su tun kana zanen goyo. Ka taɓa duban fuskarsa?"

"Kullum muna tare."

"Kuna tare da ƙeyarsa."

Ya ce zai duba lamarin, da irin muryar da ake sallamar tsofaffi da ita. Gaskiyarta kuwa. Yadda suke tafiya, kowa kansa a sunkuye, idonsa a kan tayar bayan na gabansa, suna fakewa da juna daga iska, na farkonsu yana fakewa da Zalɓe. Shekara da shekaru yana tsaga musu iska da ƙirjinsa, sun san kowane faci da ke tayarsa ta baya, ba wanda ya san kalar idonsa.

Sai ga ranar da ta gani da idonta. Tana dawowa daga gona ta wajen babban titi, suka iso. Zalɓe ya tsaya, ya karkata kai gefe kamar kaza, yana saurare. Iska tana kaɗawa daga bayansa, tana kwashe ƙarar. Ya ɗaga hannu ya shiga. Wata tirela ta danna oda, ta ja birki har tayoyinta suka yi hayaƙi, ta wuce ta gefensa da tazarar da ba ta kai faɗin faifai ba. Wata yarinya da ke biye da shi ta faɗa cikin ciyawa. Direba ya leƙo ya surfa musu zagi, su kuma suka taru suna zagin direba, wai direbobin yanzu ba su da tarbiyya. Gwaggo ta tsaya da kaya a ka, ta rasa wanda za ta fara shaƙewa a cikinsu.

Da ƙarshen mako ya zagayo, ta tashi da aikinta. Ta zaɓi wajen kwalbati, inda yashi ya hau kwalta, dole kowa ya rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa. Hanyar a nan gabas ta fuskanta, rana tana dukan fuska. Ta shimfiɗa buhuna daga wannan gefe har wancan, ta juye barkononta duka, na bana gaba ɗaya, ja wur, abin da ko jariri zai hango daga rumfar faci. Ta kife turmi a tsakiya ta zauna. Sannan ta yi abin da ba a taɓa jin ta yi ba tunda aka kawo ta garin: ta kama bakinta. Ta san da muryarta yake gane ta.

Suka taho. Tana kallonsa yana ƙaruwa, baƙin keke, doguwar ƙafa, kai a ɗage, ido a ƙanƙance. Zuciyarta tana cewa kauce, ɗan nan, kaɗa ƙararrawa, ka kunyata ni a gaban mutane, na yarda. Bai kauce ba. Taya ta hau buhu, barkono ya fara ƙara a ƙarƙashinta, sai a sannan wani daga baya ya ɗago ya yi ihu. Tayar gaba ta daki turmi, ta goge gwiwar Gwaggo, Zalɓe ya kife a gefe cikin barkono. Na baya suka yi ta sauke ƙafa suna karo da juna.

Ya tashi zaune yana tari, yana laluben hularsa. Ya dubi inda take, rana a bayanta, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba.

"Wane ne?" in ji shi. "Bawan Allah, ban ji maka ciwo ba?"



"Ni ce, Zalɓe," in ji Gwaggo.

Ta miƙe, jini yana bin ƙaurinta, ta juya kan 'yan birnin.

"Kun ji da kunnenku? Kai mai gilashi, matso, kai da ka ce idonsa ya fi naka. Ido huɗu gare ka, zo ka duba nasa! Kun iya tsayawa a gindin hasumiya kuna shafa dutse, kuna tausayin ginin da masu shi suka mutu tun tuni, kuna cewa a kula da shi kada ya rushe. Ga mai rai yana rushewa a gabanku! Makaho ke tsallakar da ku titi, ku kuna bayansa kun sunkuyar da kai kamar tumaki. Da tirelar nan ta kwashe shi, da hotonsa za ku ɗora a waya ku rubuta kalmomi masu daɗi, mako na zagayowa ku nemi wata ƙeyar ku bi!"

Yarinyar da ta faɗa ciyawa ranar nan ta durƙusa ta leƙa fuskar Zalɓe, ta toshe baki da hannu. Shi kuwa ya miƙe, ya ɗaga kekensa, ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi. Ya juya ya tura shi da hannu har rumfa, mutanen suna buɗa masa hanya. Tunda Gwaggo take, ba ta taɓa ganin ya tura keke mai lafiya ba.

Kafin la'asar labari ya kai birni. Washegari 'yarsa ta zo da mota, fuska a kumbure, ta yi wa uwarta faɗa, ta yi wa ubanta kuka, ta haɗa masa kaya.

An yi aikin. An ce ido ɗaya ya buɗe tar, ɗayan ya daɗe da yawa, sai dai haske. An ce ya samu rumfa a wata unguwa a can, yana faci, yana kuma hawa da safe shi kaɗai. Matarsa ta bi shi. Duk wanda ya je ya dawo sai ya kawo gaisuwarsa: a gai da mai niƙa, a gai da mai shayi, a gai da manoman bayan kwalbati. Ban da Gwaggo. 'Yan birni suna zuwa har yanzu, suna bin manyan kibiyoyin da ya bari, a babban titi kuma kowa da kansa yake dubawa. In sun zo wajen shanyarta sukan sauka su tura, ita kuma ba ta amsa gaisuwarsu sai ta ga dama.

Rabonta da shi tun safiyar da aka sa shi a mota. Yana zaune a gaba, ya juya mata ƙeya, kekensa ɗaure a sama. Ta ɗingiso da gwiwa a naɗe da tsumma, ta tsaya a bakin taga. 'Yar ta ce, "Baba, ga Gwaggo."

"Na ji ƙamshin barkono," in ji shi, bai juyo ba. "Ki ce mata ta gama da ni. Ta tsiraita ni a gaban mutanena."

Gwaggo ta sa hannu ta buga murfin motar har sai da direba ya zabura.

"Na tsiraita ka, kuma gobe ma in ta kama sai in sake! Ka yi ta fushi, Zalɓe, ka ƙi ni har ka mutu, amma a kan katifa za ka mutu, ba a ƙarƙashin tirela ba. Je ka a buɗe maka ido. In ka tashi hararata, ina so ka san inda nake tsaye."